Sunaye Tara a Bango

Sunaye tara ne a jadawalin da ke bango,
an buga shi da inji, an manna da gam,
gara ta fara ci daga kusurwar hagu.
Ni ce ta bakwai.

Na farko Malam Iliya, shugaban cibiya,
ya yi ritaya shekarar da aka haƙa mana burtsatse.
Kujerarsa na nan, kwalin auduga ke zama a kai.
Ta biyu Sista Rifkatu, ungozoma,
mijinta ya san wani a ma'aikata,
yanzu tana Barnawa, inda fanka ke juyawa.
Ban ga laifinta ba.
To, na ɗan gani, a watan farko.
Na uku ban taɓa sanin kalar fuskarsa ba,
amma an ce albashinsa bai taɓa ɓatan hanya ba.
Na huɗu Dogara mai gwajin jini,
tirela ce, a kwanar Pambeguwa.
Madubin awonsa na cikin akwati,
ido ɗaya da ba a sake buɗewa ba.
Ta biyar ƙarin karatu, ta shida jego,
na takwas an ba da aronsa kamar tabarmar biki,
ba a dawo da ita ba.

Saura ni da na tara,
Baba Sallau maigadi.

Ranar Laraba ake rigakafi.
Tun kaji ba su sauka ba nake duba firij,
in rubuta sanyinsa kamar mai jinyar uwa.
In hadari ya kwana uku bai bar rana ta leƙo ba,
batir na sauka, gabana na faɗuwa tare da shi.
Hantsi ya yi, mata sun cika gindin darbejiya,
kati a hannu, goyo a baya.
Ni ce akawu, ni ce mai awo,
ni ce mai allura, ni ce mai rarrashi,
ni ce mai faɗa in an tsallake wata.
Baba Sallau bai san baƙi ba,
amma ya san katin kowa da tabonsa:
mai ɗigon manja na Lantana ne,
wanda ɓera ya taɓa na tagwayen Sahura.
Shi ke rataya yara a sikeli
yana yi musu kirarin da ba su fahimta.

Aikinmu shi ne abin da bai faru ba.
Ƙyandar da ba ta shigo gari ba, wa zai yi mata guɗa?
Yaron da ƙafarsa ba ta shanye ba
ƙwallo yake bugawa, bai san sunana ba,
in ya hango ni ma, gudu yake.

Cikin Agusta masu duba aiki suka zo,
farar mota, laka har ƙofa.
Babbansu ya tsaya gaban bango
ya ƙirga da bakin biro: tara.
Ya ce, madalla, ku kam kun wadata,
akwai inda uku ne kacal.
Na ce, ranka ya daɗe, juyo ka ƙirga ƙafafu.
Ya yi dariya, ya rubuta wani abu,
ya ce maganar ɗaukar ma'aikata tana sama.
Na ɗaga kai. Silin ne, yana yoyo.

Jiya Barira ta shigo da takarda,
yarinyar da na ɗiga wa magani a baki
tana cizon yatsana da dasashi.
Makarfi za ta, koyon aikin lafiya,
wai in sa mata hannu.
Na sa.
Da ta fita na ɗauki fensir
na rubuta ta a ƙasan Baba Sallau: goma.

Da fensir dai.
Na san hanyar Barnawa kwalta ce.